Rawar Allon Mai Hatimi

Ni tela ne, kuma shagona yana kallon nasa. Lungu ɗaya ne tsakaninmu, irin wanda in mutum biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa game da Mai Hatimi da idona na gani, ta saman keken ɗinkina. Sauran kuwa shi ya ba ni, guntu-guntu, don ba mutum ne mai sakin magana gaba ɗaya ba.

Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar bene yake, cikin wani tsohon ginin shaguna da ya riga ya ci zamaninsa. Rufin a karkace yake, yana bin matakalar: ta bakin ƙofa mutum zai iya miƙewa, ta ciki kuwa sai ya duƙa. Duk wanda ya hau sama ko ya sauko, ana jin takunsa bisa kai. Da can su biyu ne a ciki, shi da yayansa, suna zaune baya da baya. Yayan yana fuskantar bango, gaban kwamfuta. Ƙanen yana fuskantar ƙofa, gaban tebur cike da roba da gam da mariƙan katako. Mutanen gini suna kiransu Babba da Ƙarami, ko da yake Ƙaramin ya fi tsawo, kuma shi ya riga yin furfura.

Tun suna samari suke sana'ar tare. A wancan lokacin da hannu ake sassaƙa hatimi: a ɗauki roba, a zana haruffa a juye, a bi su da tsinin reza. A nan babu wanda ya kama ƙafar Ƙarami. Ya saba da juyayyen rubutu har ana tsokanarsa cewa in aka miƙa masa jarida sai ya nemi madubi. Babba kuwa hannunsa ba shi da wannan haƙurin. Shi na baki ne. Shi ke tarar masu kawo aiki, shi ke lallashin wanda aka ɓata wa lokaci, shi ya san ɗan wa ke ciwo da 'yar wa ta gama makaranta. Da zamani ya juya, shi ne ya je ya sayo kwamfuta ta hannu, da firinta, da wani ɗan akwati mai shuɗiyar fitila da ke daskarar da ruwan roba. Sai aikin ya rabu biyu. Babba ya tsara rubutu a allo, ya buga shi a takarda mai shara-shara, ya miƙo ta kan kafaɗa ba tare da ya juyo ba. Ƙarami ya karɓa, ya zuba ruwan roba, ya gasa, ya wanke, ya yanke, ya manna a mariƙi. Rezar sassaƙa ta koma aljihun tebur.

Ƙarami ya taɓa aure, amma bai daɗe ba. Ba faɗa aka yi ba. Ita mai son hira ce, shi kuwa in ya ce sannu da safe ya gama maganar yini. An ce da za ta tafi cewa ta yi, zama da shi da zama da kujera duk ɗaya, sai dai ita kujera ba a yi mata wanki. Ba su haihu ba, bai kuma sake nema ba. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan wani garejin motoci, da gado, da butar shayi, da rediyo. Abincin ranarsa daga gidan Babba yake zuwa, cikin kula guda mai cin mutum biyu, su zauna su ci a bakin ƙofa, Babba yana zuba, shi yana gyaɗa kai.

Allon kwamfutar irin na da ne, mai ƙaton baya, da ya cinye rabin tebur. Fari ne da aka sayo shi, amma ya rine ya koma launin tsohon haƙori. Babba ya raɗa masa suna Mai Ƙeya. Ko da kowa ya koma siraran allo, shi ya ƙi, yana cewa tsoho ba ya yar da tsoho.

Wata safiya Babba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai 'yan kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. Ƙarami bai fasa zuwa asibiti ba ko sau ɗaya. Amma da aka sallamo shi ya dawo gida, sai ƙafar Ƙarami ta fara nauyin zuwa duba shi. Na taɓa yi masa magana a kai, ya daɗe yana goge gam daga yatsunsa kafin ya ce, "In na je, kallona yake yi, yana son ya ce wani abu. Ni kuma ban iya cike shiru ba, Tela. Shi ne mai cikewa."

Babban ɗan Babba, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya zauna da Ƙarami ya nuna masa yadda ake tsara hatimi a kwamfuta kafin hutunsa ya ƙare. Ƙarami ya koya da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Ya koma kujerar yayansa, yana fuskantar bango. Tun daga nan bayansa kawai nake gani daga shagona. Kular abinci ta daina zuwa, sai ya sayi burodi ya ci a gaban allo.

An fi shekara a haka kafin Mai Ƙeya ya fara rawa. Da farko ɗan karkarwa ne, kamar hoton yana jin sanyi. Daga baya sai layuka su ratsa shi, fari ya koma kore-kore, wani lokaci ya ɗauke ɗif ya yi baƙi, sai kuma ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ƙarami bai gaya wa kowa ba, don ya ɗauka idonsa ne. Ya sayi maganin ɗiga wa ido, ya sake tabarau. Har sai da ya yi wa wani ɗakin shan magani hatimi, lamba ɗaya ta faɗi daga lambar wayarsu bai gani ba. Matar da ta kawo aikin ta dawo ta tsaya a lungu ta wanke shi tas, shi kuwa yana tsaye riƙe da hatimin. Da Babba yana nan, da kafin ta kai aya ya sa ta dariya.

Bayan ta tafi ya leƙo shagona. "Tela, ara mini idonka."

Na je na tsaya a bayansa. Ba a jima ba hoton ya girgiza, da'irar hatimin da ke allo ta lanƙwashe kamar an taka ƙwarya.

"Ka gani?"

"Na gani."

Ya sauke wani dogon numfashi. "To ashe ba ni ba ne."

Na ce ya matsa, na ɗaga hannu na zabga wa Mai Ƙeya mari a gefe. A wurinmu teloli maganin inji biyu ne, mai da mari. Hoton ya tsaya cak, na fara ɗaga kafaɗa, sai ya ci gaba da rawarsa har ya fi da.

Daga ranar ya shiga farautar abin, a tsanake, irin yadda yake komai. Ya fara da wayar da ta haɗa allon da akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. Ya cire ta, ya hure bakinta, ya duba 'yan ƙusoshin ciki ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta lanƙwashe, ya mayar ya ɗaure notunanta tam. Bai hana ba. Wani ya ce masa fanka ce ke jan hoton, ya kashe ta ya yini cikin gumi, rigarsa ta manne a baya. Ya cire sitabilaiza. Ya jawo doguwar waya ya sha wuta daga soket ɗin shagona, ko nasa ne ya lalace. Har ni ya zarga.

"Ɗan dakata da kekenka in gani."

Na ɗage ƙafa daga kan matakin keken ɗinki, na naɗe hannu. Allon ya ci gaba da abinsa.

"To ci gaba. Ba kai ba ne."

"Na gode da aka wanke ni," na ce.

Abu ɗaya ya lura da shi: in mai nauyi ya sauko daga bene, rawar takan ƙaru. Sai ya ɗauka teburin ne ke girgiza allon. Ya karɓi ƙyallaye a wurina, ya ninke ya shimfiɗa wa Mai Ƙeya kamar mai jego. Nan ma shiru.

A ƙarshe ya rungume shi, da ƙyar yake ganin gabansa, ya tsallaka titi zuwa wurin wani mai gyaran kwamfuta. Da aka jona shi a can sai hoton ya fito tar, ko ƙyaftawa babu, kamar mara lafiyan da ya warke da jin warin asibiti. Mai gyaran mutumin kirki ne. Ya ce, "Baba, allonka lafiyarsa ƙalau. Ga siriri in ara maka, ga sabuwar waya. Ka je ka gwada. In shi ma ya yi rawa, to akwatin ƙasa ne, sai ka kawo mini shi."

Siririn ma ya yi rawa. Na ce to ai magana ta ƙare, ɗauki akwati ka kai. Ya girgiza kai. Duk aikin da suka yi na shekaru yana ciki, hatimin makarantu da na shaguna da na ƙungiyoyi, kuma Babba bai taɓa yarda wani ya taɓa akwatin nan ba, ko ɗansa. Ƙarami ya zauna yana kallonsa a ƙarƙashin tebur kamar wanda aka bar wa amanar maciji. Da rana ta karkata ya tashi ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, abin da ban taɓa ganin ya yi da wuri haka ba.

Gidan Babba ya tafi. Matar yayan ce ta buɗe masa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Ashe kana gari? Har na fara tunanin sa cigiya a rediyo."

"Uwargida, a yi haƙuri."

"Ni ba ni za ka ba haƙuri ba. Shiga, yana ciki."

Babba yana zaune a kujera kusa da taga, da ɗan tawul a kafaɗa, hannun dama a kwance bisa cinya kamar ba nasa ba. Ya rame. Suka gaisa da hannun hagu. Shirun da Ƙarami ke tsoro ya fara sauka, sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "Yaya, Mai Ƙeya ba lafiya."

Ya ce mini nan take idon Babba ya canza. Sai ya shiga ba shi labari tun daga farko, da maganin ido, da matar da ta yi faɗa, da fanka, da marin da na yi. Bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba a rayuwarsa. Duk abin da ya ambata, Babba sai ya ce "a'a," yana kaɗa yatsa. Da ya zo kan masu saukowa daga bene, Babba ya buga ƙafar hagu a ƙasa, ya ce, "To. To."

Sannan ya nuna wani kwalin magani da ke kan tebur. Uwargida ta ce, "Lokacin shan magani bai yi ba tukuna." Ya yi tsaki, ya ƙara nunawa. Ƙarami ya miƙa masa. Babba ya kwantar da kwalin a cinya, ya yi kamar yana zare murfin gefe. Ya zaro katin ƙwayoyin daga ciki, ya tsayar da shi a kan kwalin, ya ɗaga gefe ɗaya kaɗan. Ya sake buga ƙafa, ya ƙara ɗaga gefen. Sannan ya sa babban yatsa ya danna shi ƙasa. Ya murza yatsu biyu a iska kamar mai ɗaure noti, ya buɗe tafin hannu, ya ce, "Babu."

"Akwai wani abu a ciki da ke ɗagowa," in ji Ƙarami a hankali. "Notinsa ya ɓace. Kai kake danna shi."

Babba ya yi dariya da rabin fuska, har sai da Uwargida ta goge masa baki. A nan ne Ƙarami ya tuna sau nawa yakan dawo daga sayen mariƙai ya tarar da yayansa durƙushe a ƙarƙashin tebur. In ya tambaya, sai ya ce biro ne ya faɗi. Shekara da shekaru yana yi, bai taɓa faɗa ba, wataƙila don bai ga abin faɗa a ciki ba.

Ranar a can ya ci abinci. Uwargida ta zuba masa har sau biyu, tana cewa ya koma kamar sandar rake da aka tsotse.

Washegari da safe ya kira ni in riƙe masa tocila. Ya kashe komai, ya zare wayoyi, ya jawo akwatin, ya kwantar da shi. Ya zare murfin. Ƙurar da ke ciki ta isa a yi shuka. Muka ga abin da Babba ya kwatanta, wani ɗan kati kore, wanda wayar allo ke shiga bayansa. Gefensa ɗaya ya ɗago daga raminsa, da ƙyar ido zai gane. Wurin notin kuwa fayau. Ya kaɗe ƙurar da burushin gam, ya sa babban yatsa ya danna. Muka ji ya ce ƙas.

Na kawo gwangwanin da nake tara notunan keke, muka sami wanda ya yi daidai, amma ramin ya cinye, sai juyawa yake ba ya kamawa. Ƙarami ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko tsohuwar rezarsa, ya fere wani ɗan sili na roba, siriri kamar zare, ya zura a ramin. Notin ya kama. Ya mayar da murfi, ya ture siririn allon gefe, ya jona Mai Ƙeya. Hoton ya fito.

"Hau bene ka sauko da ƙarfi," in ji shi.

Na hau na sauko ina dirka ƙafa kamar doki. Mai kitson da ke sama ta leƙo ta ce, "Tela, lafiya, ko zare ne ya ƙare a kai?" Na sake hawa na sake saukowa. Da na shigo na tarar da shi ya ƙura wa allon ido. Da'irar tana nan zagaye, ba motsi.

"Ya tsaya," ya ce. Ya ɗan juya kai ta kan kafaɗa lokacin da ya faɗa, ba ta wajen da nake tsaye ba. Sannan ya tashi ya naɗe wayar aro, ya mayar wa mai gyara kayansa da godiya.

Daga nan ƙafarsa ta saki. Yakan rufe shago da yamma ya tafi gidan Babba, kullum da matsalar da zai kai. Yau firinta na cin takarda, gobe fitilar gasa roba ta rage haske, jibi wani harafi ya ƙi zama a da'ira. Wasu na gaske ne. Wasu kuwa ina zargin a hanya yake ƙirƙiro su, don ni da nake kallonsa yini guda ban ga firintar ta ci komai ba. Da na tsokane shi ya ce, "In ba da matsala na je ba, me zan ce masa?" Su zauna, Babba yana kwatance da hannun hagu da cokali da murfin kofi, shi yana cankowa, Uwargida tana musu alƙalanci daga kicin.

Abin bai yi tsawon da ya kamata ba. Ɗan Babba ya zo ya ce zai tafi da iyayensa garin da yake, akwai asibitin gashin ƙashi kusa da gidansa, kuma mahaifiyarsa ta gaji da ɗagawa da kwantarwa ita kaɗai. Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya musa. Ya ce, "Baffa, kai ma ka zo mu tafi, akwai ɗaki." Ƙarami ya ce shago fa. Shi ya taya su ɗaure kaya, shi ya ɗauki yayansa ya sa a mota, ya gyara masa hannun dama a kan cinya, ya rufe ƙofa.

Waya ba ta yi musu amfani ba. Babba da hannu yake magana, hannu kuwa ba ya bin waya. Sai Uwargida ta riƙe, ta yi maganar mutum uku. Na taɓa ara masa tawa mai hoto muka kira. Hoton yana yankewa, Babba yana kallon wani gefe daban yana neman inda ƙanensa yake, daga baya ya fara hawaye. Ƙarami ya miƙo mini wayar, bai sake tambaya ba.

Ginin namu ma sai raguwa yake. Mai kitso ta tashi, mai sayar da takalma ya bi ta, benen ya koma sai tattabaru. Masu kawo aikin hatimi ba su yanke ba, amma ba kamar da ba. Yakan zo da wuri, ya share lungu har bakin ƙofata, ya zauna ya ba ni baya.

Wata rana ya shigo da yadi a leda. Ya ce riga yake so in ɗinka wa Babba, wadda mai hannu ɗaya zai iya sawa da kansa, ba maɓalli, ba sai an ɗaga hannu sama ba. Na ce ina awo? Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. "Auna ni. Ka rage tsawo, ka ƙara ciki." Na ɗauko abin awo, sai ya ce, "A'a, bar cikin. Ya tafi."

Na yi mata buɗaɗɗen gaba da abin mannawa, na faɗaɗa hannun dama. Ya ninke ta da kansa, ya kai tasha ya ba wani direba. Kwanaki suka wuce ba labari, bai kuma kira ya tambaya ba. Sai ga Uwargida ta bugo, muryarta har shagona. Ta ce rigar ta zauna, yana sawa da kansa, amma ta jawo mata fitina, don ya ƙi yarda a cire a wanke. In da hali a ɗinko ta biyu kafin maƙwabta su fara toshe hanci.

Da ya ajiye wayar ya tsallako lungu. Na sauko masa da yadikan da nake da su, ya daɗe yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wannan ya ajiye, kafin ya tsaya a kan wani ruwan toka mai laushi. Na ɗauka zai koma. Sai ya janye ƙyallayen da ke kan bencin baƙi ya zauna, abin da bai taɓa yi ba duk tsawon zamanmu. Na shimfiɗa yadin na fara yanka, yana kallon almakashi, har lokacin tashi ya yi.